Sawakin: Tsibirin da Alhazan Ƙafa Suka Bi

Gabatarwa

Tun ina ƙaramin yaro nake jin sunan Sawakin a bakin kakata, mahaifiyar babana. Duk sa'ad da aka yi maganar aikin hajji a gidanmu, sai ta ce ita nata uban da ƙafa ya tafi, a shekarar da aka gama yaƙin Hitila, watau 1945, ya bar ta ana goyonta. Saƙonsa na ƙarshe wani alhaji ne ya kawo bayan shekaru, ya ce ya baro shi a Sawakin yana jiran jirgi. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba sai da aka yi shekaru masu yawa, sa'an nan labari ya zo cewa ya rasu a Sudan, ya bar iyali a can.

A 2022, lokacin da malaman jami'a suka shiga dogon yajin aikin nan, Allah ya nufe ni da ganin garin. Baffana ya yi shirin zuwa gaishe da kawunsa, watau ƙanen kakata da aka haifa a Sudan, wanda ita ba ta taɓa gani ba sai muryarsa a waya. Da na je yi mata sallama sai ta ce, "Maigida, tun da ba ka da aikin yi sai barci, je ka gano mini inda tsohona ya tsaya." Abin da na gano shi ne zan bayyana a wannan maƙala, tare da ɗan abin da na karanta daga baya game da tarihin wurin, domin a ranar ban san ko rabin abin da nake kallo ba.

Inda Garin Yake

Mun tashi daga Kano zuwa Hartum a jirgin sama cikin watan Maris, gab da azumi. Daga Hartum muka shiga mota, muka bi ta Atbara da Haya da Sinkat, muka gangaro daga duwatsu zuwa bakin Bahar Maliya, muka sauka a Bur Sudan inda tsohon yake zaune da 'ya'yansa. Bayan kwana uku muka ɗauke shi muka koma kudu kimanin mil 36 zuwa Sawakin.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda wurin yake, domin tarihinsa duka a kan haka ya rataya. Teku ce ta kutso cikin ƙasa ta wata siririyar hanya, sa'an nan ta buɗe ta zama kamar tafki. A tsakiyar wannan tafki akwai wani ɗan tsibiri kewayayye kamar faifai, wanda mutum zai iya zagaye shi da ƙafa cikin abin da bai kai awa guda ba. Shi ne tsohon garin Sawakin. Sashen garin da ke kan tudu ana kiransa Gef, kuma nan ne mutane suke zaune a yau. Jirgin da ya shigo tafkin ya tsira daga iska da igiyar ruwa, kuma a da har ƙofar gidajen attajirai jirage suke tsayawa a sauke kaya. Amma tsibirin ba shi da ruwan sha ko kaɗan, sai an kawo daga rijiyoyin da ke kan tudu.

Mutanen ƙasar na asali su ne Beja, masu raƙuma da takubba, kuma a harshensu sunan garin yana nufin kasuwa. Larabawa kuwa suna da tasu hikayar, wai a nan ne Annabi Sulaimanu yake ɗaure aljanun da suka yi masa laifi. Har gobe mutanen Sudan suna tsokanar Sawakin da cewa kyanwoyinta aljanu ne. Na ga kyanwoyin, manya-manya, suna kewaya masu cin kifi a bakin ruwa, kuma Baffa bai yarda ya kori ko ɗaya ba.

Taƙaitaccen Tarihi

Marubutan Larabawa sun ambaci Sawakin tun ƙarni na 10. Ibn Batuta ya sauka a tsibirin wajen 1330, ya ce babu ruwa babu shuka babu itace a kansa, kuma ya tarar mai mulkin wurin ɗa ne ga Sharifin Makka, mutanen Beja kuwa dangin uwarsa ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tun fil azal garin yana da ƙafa ɗaya a Afirka, ɗaya a Hijaz. A wancan zamani babbar tashar alhazai a wannan gaɓa ita ce Aizab, can arewa. Da Aizab ta mutu a ƙarni na 15 sai ciniki da alhazai suka dawo Sawakin. Kiristocin Habasha masu zuwa ziyara Baitul Muƙaddas su ma ta nan suke bi a wancan lokaci.

A 1517 Turkawa suka ci Masar, daga nan ikonsu ya sauko har Sawakin. Daularsu ita ma Usmaniyya ake ce mata, amma kada ɗalibi ya haɗa ta da tamu ta Sakkwato. A 1541 jiragen yaƙin Fotugal suka shigo tashar, kuma ɗaya daga cikin shugabanninsu ya rubuta cewa garin yana cikin mafiya arziki a Gabas, har ya kwatanta shi da Lisbon, babban birninsu. Ayarori suna zuwa daga Sinnar da Shandi da Barbar ɗauke da ƙaro da hauren giwa da gashin jimina da zinariya da fatu, su koma da tufafin Indiya da turare da kayan yaji. Kada kuma mu ɓoye: suna zuwa da bayi, kuma cinikin mutane yana cikin abin da ya gina manyan gidajen tsibirin.

A 1865 Sarkin Santambul ya miƙa garin ga Isma'il Basha na Masar, a 1869 kuma aka buɗe mashigin Suwes, jiragen Turai suka fara ratsa Bahar Maliya. Shekarun da suka biyo baya su ne ganiyar Sawakin, kuma yawancin gine-ginen gwamnati da muka ga kufansu na wannan zamani ne.

Ƙofar Kichina da Yaƙin Usman Digna

Abin da ya fara tarbar mu tun kafin mu kai bakin ruwa shi ne wata babbar ƙofa tsaye ita kaɗai, ganuwar da take riƙe da ita ta zube. Ana kiranta Ƙofar Kichina, da sunan Baturen nan na Ingila da ya yi gwamnan wannan gaɓa daga 1886 zuwa 1888, wanda daga bisani ya ci Omdurman a 1898. Dalilin gina ganuwar mutum ɗaya ne, Usman Digna.

Usman Digna ɗan kasuwa ne na Sawakin. Da Muhammadu Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a 1881, sai Usman ya yi masa mubaya'a, aka naɗa shi amirin Gabas a 1883, ya tara mayaƙan Hadandawa, wani reshe na Beja. A watan Fabrairu na 1884 suka tarwatsa rundunar Masar a Attib. Ingila ta aiko da nata sojan, aka sake gwabzawa a Attib da Tamai, inda masu takobi da mashi suka keta sahun masu bindiga kafin a rinjaye su. Shi kansa Kichina an harbe shi a muƙamuƙi a Handub a farkon 1888. Usman Digna ya ci ƙasar da ke kewaye, ya toshe hanyoyin ayari shekara da shekaru, amma garin haihuwarsa ya gagare shi. An kama shi a 1900, ya rasu a tsare a Wadi Halfa a 1926.

Wannan yaƙi har malaman garin ya raba. Shaihin ɗariƙar Majzubiyya, Ɗahir Majzub, ya bi Mahadi, shi ya sa almajiransa suka bi Usman Digna. Gidan Mirgani kuwa, shugabannin Hatmiyya, suka ƙi. A Gef mun tsaya a masallacin Tajus Sirri, wanda yake ɗauke da sunan wani shaihi na gidan Mirgani, muka ga mutane suna ziyara. Ɗalibin tarihin ƙasarmu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin a daidai wannan lokaci ne Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya karɓi kiran Mahadi daga Adamawa, Sakkwato kuwa ta ƙi.

Har ila yau a Gef aka nuna mana ragowar wakalar Shinnawi, watau wani ƙaton masaukin fatake na wani attajiri, inda ayari yake sauke kaya a ƙasa baƙi su kwana a sama. Mutanen garin suna cewa ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara. Na tambayi tsohon ko a nan mahaifinsa ya sauka. Ya yi dariya ya ce, "Jikana, wa zai ba Takari ɗaki a nan? Mu je dai, zan nuna maka."

A Kan Tsibirin

Ana shiga tsibirin ta wata 'yar gajeriyar hanya da aka cike ruwa aka yi a 1877, zamanin da Godon yake gwamnan Sudan. Kafin wannan shekara sai da kwalekwale. A bakin hanyar akwai wata ƙofa mai sunan Godon ɗin. Muna wuce ta sai na tsaya cik. Gani ya kori ji. Duk inda na duba tarin farin dutse ne, tuli bayan tuli, nan bango guda a tsaye da tagoginsa babu ɗaki a bayansa, can matakala ta hau sama ba ta kai ko'ina ba. Ba yaƙi ne ya yi wa garin haka ba, kuma ba gobara ba ce.

Na ɗauki dutse guda na duba. Ba shi da nauyi sosai, duk jikinsa ƙananan huji ne kamar saƙar zuma. Dutsen murjani ne, wanda wasu ƙananan halittun teku suke ginawa a ƙarƙashin ruwa, a haƙo shi a sassaƙa. Magina suna jera shi, su riƙa sa katako a tsakanin sahu domin ya ɗaure bangon, sa'an nan a shafe shi da farar ƙasa ciki da waje. Da haka suka tayar da benaye masu hawa biyu da uku. A jikin benayen akwai wasu manyan tagogi na katako da suka turo waje, ana kiransu roshan, an yi musu sassaƙa mai ƙananan ƙofofi yadda iska za ta shiga, matan gida su ga titi ba a gan su ba. Katakon daga ƙasashen Indiya da Jawa ake kawo shi. Irin wannan gini ne a tsohon garin Jidda da Masawa.

Amma dutsen murjani yana shan ruwa da gishiri. Muddin ana sabunta shafen, gida zai yi shekaru ɗaruruwa. Ran da aka daina, raɓar teku da ruwan sama, wanda a wannan gaɓa da sanyi yake sauka, sai su shiga cikin dutsen, katakon ya ruɓe, bango ya buɗe. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan, domin mu ma soron da aka bar yi wa yaɓe damina uku ta ishe shi.

To me ya sa aka daina? Bayan Turawa sun ci Sudan sai suka ga hanyar shiga Sawakin ta yi wa manyan jiragen zamani ƙunci, ga duwatsun murjani a bakinta. Suka zaɓi wani wuri a arewa da ake kira Marsa Shaihu Bargut, da sunan wani waliyyi da kabarinsa yake can, suka fara gina sabuwar tasha a 1905, aka buɗe ta a 1909. Ita ce Bur Sudan. Kwastan ya tashi, banki ya tashi, kamfanoni suka tashi, attajirai suka kulle gidajensu suka bi kasuwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wani malamin zane mai suna Greenlaw ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, aka buga littafinsa a 1976, kuma yau a cikinsa ne kaɗai mutum zai ga kamannin yawancinsu.

Mun bi ta gaban gidan gwamna, wanda ake kira Muhafaza, da kangon bankin Masar, da gidan Hurshid, wanda aka ce yana cikin mafiya tsufa. Na yi ta ɗaukar hoto. Tsohon yana biye da mu da sandarsa yana magana, ni kuwa rabin hankalina yana kan waya.

Masallatai Biyu

A tsakiyar wannan kufai abu biyu ne suke tsaye fari fat, masallacin Hanafi da masallacin Shafi'i, kusa da juna. Hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ce ta gyara su tare da gidan kwastan. A watan Disamba na 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya zo tsibirin tare da Umar Albashir, aka yi yarjejeniyar ba Turkiyya wurin domin ta sake gina shi, abin da ya tayar da hankalin Masar da Saudiyya, don suna zargin sansanin soja ake nufi. Albashir ya faɗi a watan Afrilu na 2019, kuma sa'ad da muka je yawancin tsibirin yana nan a zube.

Na tambayi kaina dalilin da ɗan wuri kamar wannan zai yi masallatai biyu ƙofa da ƙofa. Amsar tana cikin sunayensu. Turkawa masu mulki mazhabar Abu Hanifa suke bi. Fataken da suka zo daga Masar da Yaman da Halaramautu kuwa galibinsu Shafi'awa ne. Kowane jinsi ya gina inda zai yi salla bisa koyarwar malamansa, kuma suka zauna tare a kan tsibirin da bai fi unguwa guda ba.

Azahar ta same mu a nan, muka yi alwala da ruwan gora muka shiga na Shafi'i. Akwai fili a tsakiyarsa, da rumfuna masu baka a gefe, da mumbari na gini. Iskar teku tana shigowa, wurin shiru. Alƙibla ta ba ni mamaki, domin mu da muka saba fuskantar gabas, a nan sai an karkata sosai zuwa arewa, gama Makka tana tsallaken ruwa ta arewa maso gabas. Bayan mun sallame sai Baffa ya ce, "Kawu, ga na Hanafi ga na Shafi'i, ina na Malikawa?" Tsohon ya nuna tudu da sandarsa ya ce, "Namu a waje yake. Inuwar bishiya ce da duwatsu a jere."

Inda Takari Suke Sauka

Da la'asar ya kai mu bayan gari, wani fili mai yashi da ƙaya, ba gini ba alama. Ya ce a wajejen nan ne mahaifinsa ya nuna masa inda suka yi bukkoki na tsumma da buhu suna jiran jirgi. A nan ne na ga cewa tarihin da na zo nema ba ya cikin abin da na ɗauka hoto.

Mutanenmu sun daɗe suna bin wannan hanya. Wani Bature ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Burkhart, wanda ya yi shigar Larabawa yana kiran kansa Shaihu Ibrahim, ya iso Sawakin a 1814 cikin ayari guda da alhazan Yamma, ya kuma rubuta yadda suke tafiya da ƙafa, suna neman guzuri a hanya da aikin hannu da rubutun allo. Sunan da ake kiransu, Takari ko Takarir, daga Takrur ya samo asali, wata tsohuwar daula a bakin kogin Sanagal. A Sudan kuma ana haɗa Hausa da Fulani da Barebari a ce musu Fallata.

Hanyar ta ƙara cika bayan zuwan Turawa. Da aka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi Gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin da suka kafa yake ɗauke da sunansa har yau. Daga baya talakawa suka yi ta bin sawunsu, daga Kano zuwa Barno, a ƙetare zuwa Fort Lami, wadda yanzu ake kira Njamena, a bi ta Wadai da Darfur har Ubayyid, inda mai kuɗi zai hau jirgin ƙasa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai alhazai suka sami inda za su yi ƙodago su tara kuɗin jirgi. Wani ya yi shekara biyu, wani goma, wani ya mutu yana tarawa. Masanin nan Bawa Yamba ya yi littafi a 1995 a kan Hausawan Jazira, inda ya nuna cewa har jikokin da aka haifa a can suna ɗaukar kansu matafiya ne da ba su ƙarasa ba tukuna.

Ko bayan da ciniki ya koma Bur Sudan, alhazai ta Sawakin suka ci gaba da bi, domin a nan gwamnati ta ajiye wurin killace su, wanda ake kira karantina, inda ake yi musu allura a duba takardunsu. Wanda ba shi da takarda ko kuɗin babban jirgi sai ya bi masu sambuk, watau ƙananan jiragen katako masu tafiya da iska, su fita da shi da dare. Wasu sun isa, wasu an zubar da su a gaɓar da ba ruwa ba gari, kuma rahotannin zamanin sun nuna cewa akwai 'ya'yan alhazai matalauta da aka sayar a matsayin bayi a tsallake.

Ga abin da tsohon ya gaya mana game da mahaifinsa. Ya yi shekara bakwai a gonar auduga, ya yi aure a can, aka haife shi. Ya zo Sawakin ya yi wata huɗu yana sayar da ruwa a jaka kafin ya sami shiga jirgi. Ya sauke farali ya dawo ta nan, da niyyar ya ɗauki iyali su koma gida, amma kuɗi suka ƙare, ya shiga dako a tashar Bur Sudan yana cewa baɗi. Ya ce har ya rasu akwai wani ƙullin tsumma a ƙarƙashin shimfiɗarsa, da 'yan kunne na azurfa a ciki da ya saya a Makka domin 'yar da ya bari a goye. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da su ya ba Baffa, ya ce, "Ka kai wa Yaya. Ka ce mata bai manta ba, hanya ce ta fi ƙarfinsa."

Kammalawa

Mun kawo 'yan kunnen, kakata ta karɓa ta daɗe tana juya su ba ta ce komai ba. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, gwamnati ta koma Bur Sudan da zama, kuma tashar jiragen fito ta Sawakin, wadda aka buɗe a 1991 aka sa mata sunan Usman Digna, ta cika da masu gudu zuwa Jidda. Tsohon ya rasu a 2024, kakata ta bi shi bayan wata biyar.

Da na zauna rubuta wannan maƙala na buɗe wayata, sai na sami hotunan duwatsu fiye da ɗari biyu, muryar tsohon kuwa minti goma sha ɗaya kacal na ɗauka, rabinta ma iska ta cinye. Ya ambaci sunayen zangon da mahaifinsa ya bi ɗaya bayan ɗaya, da sunan madugunsu, da wata waƙa da suke yi in sun hango ruwa. Ban riƙe ba. Ƙofar Kichina tana cikin littattafai da yawa, masallatan kuma sun sami mai gyara su, amma abin da ke cikin kan wannan tsoho babu wanda ya auna shi ya zana kafin ya faɗi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai na wannan ƙungiya, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kai. Da wuya a sami unguwa a Kano ko Katsina ko Zariya ko Damagaram da babu gidan da wani nasu ya tafi Gabas da ƙafa. Waɗanda suka yi tafiyar sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu suna nan, kuma akwai waɗanda aka haifa a hanya suka dawo. A je a same su da rikoda da littafi. A tambayi zango, da guzuri, da sana'ar da aka yi a hanya, da kalmomin Larabcin Sudan da suka shigo bakinsu, da wasiƙun ajami da ke cikin adaka. Ina kuma roƙon malamanmu su tanadi wurin ajiye abin da aka tattaro a sashe, domin kada ya ƙare a cikin wayar da za ta lalace.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, ya ba Sudan zaman lafiya, amin.